Masu Sauraron Ƙafar Mota a Yamai

Kwaltar Yamai tana da kyau a inda take. Wanda ya shigo ta hanyar Doso, ya wuce filin jirgin sama na Diori Hamani, ya bi manyan tituna har ya hau gadar sama ta Mali Bero, zai ce mota ba ta da abin kuka a garin nan. Amma ya karya kwana ɗaya ya shiga cikin unguwa, a Bukoki ko Talaje ko Banifandu, kwalta ta ƙare ke nan. Sai jar ƙasa, sai rairayi mai riƙe taya, sai ramukan da ruwan damina ya haƙa ya tafi ya bari. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan ɗaya a birnin, kuma tun daga lokacin yake ta faɗaɗa ta kowace kusurwa, gidaje suna riga titi isa.

Ga kuma hanyoyin da ke fita daga gari. Babbar hanyar da ta bi ta Doso da Dogondutsi da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram kwalta ce, haka ta Filinge, amma mai kaya ba a bakin kwalta yake sauke kayansa ba. Dole ya gangara ya bi burji zuwa kasuwar ƙauye, kuma burjin ƙasar nan da rani yakan yi wata irin gargada ta ƙananan tudu a jere, ɗaya bayan ɗaya, wadda direbobi ke ce wa eskaliye. In ka tafi a hankali ta jijjiga ka har haƙora, in ka taka wuta taya ta yi ta sama da ƙasa sau barkatai cikin daƙiƙa ɗaya. Da damina kuwa ƙoramu ne ke kawowa. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai, har aka yi kwanaki ana ƙetarar da mutane a kwalekwale. Duk wannan wahala ƙafar gaban mota ce ke fara shan ta.

Shi ya sa a-kori-kura ta cika garin, musamman Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya: ta ma'aikatun gwamnati, ta ƙungiyoyin agaji mai farin fenti, da ta 'yan kasuwa wadda ta ga jiya ta ga yau. Shi ya sa kuma ake da makanikai waɗanda ba ruwansu da inji, ba ruwansu da waya, aikinsu ƙafa ce kaɗai.

Mai masaukina ɗan kasuwa ne. Yana kai shinkafa da sukari da man girki kasuwar Baleyara mai ci ranar Lahadi, ya dawo da tumaki da buhunan wake, wani lokaci da mutane zaune a kan buhunan. Hilux ɗinsa ta daɗe tana wani ƙwas-ƙwas a gaba ta hannun dama, har matarsa takan gane ya shigo layi tun kafin ya yi oda. Wata safiya ya ce in raka shi wajen mai gyara, ba a fafe gora ranar tafiya.

Garejin fili ne marar katanga a cikin Bukoki, ba nisa da kasuwar Katako. Itatuwan dogon yaro biyu ne ke ba shi inuwa, sai rumfar kwano a gefe da akwatin ƙarfe mai kwaɗo inda sifanu ke kwana. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, ta daskare har rairayi ba ya tashi. Akwai tabarmar salla a naɗe, butoci biyu, da ƙaramin murhun waya wanda wani yaro ke fifita gawayinsa don shayi. Zabarmanci da Hausa suna ta cuɗanya a bakin yara, in an zo lambar sifana kuma a faɗe ta da Faransanci. Motoci biyar ko shida ne a jere, kowace an cire mata taya ɗaya ko biyu, an tallafe ta da kututture.

Maigidan wurin dattijo ne siriri, gemunsa ya fara fari, sanye da shuɗiyar rigar aiki da ta koɗe. Bayan gaisuwa mai tsawo, da tambayar iyali da zafi da kasuwa, bai ko kalli ƙarƙashin motar ba. Ya jingina da ƙofa ya fara tambaya.

"Alhaji, yaushe take yi? Da safe in ta kwana, ko sai ta yi zafi?"

"Kullum, Baba. Ba ta zaɓe."

"A kan kwalta mai santsi ma?"

"A'a, sai na shiga gargada."

"In ka ɗora ƙafa a birki kaɗan kana cikin gargadar, tana yin shiru?"

Mai masaukina ya yi jim, ya ce bai taɓa lura ba. Dattijon ya ci gaba: da kaya ta fi yi ko ba kaya? Sitiyari yana rawa a hannu? Motar tana ja gefe? Ta faɗa wani rami kwanan nan? Wa ya taɓa ta na ƙarshe, kuma me ya canza? Kowace tambaya tana rufe wata ƙofa. In ƙara ta ɗauke da zarar an taɓa birki, to a nemi abin a wajen birkin, wataƙila kusoshin da ke riƙe maƙallinsa ne suka yi sako-sako. In sitiyari na bugun tafin hannu, a nemi abin a sandunan da ke juya taya. In ƙarar ba ta zuwa sai an tashi ko an tsaya, a duba robobin da hannuwan ƙafa ke juyawa a kansu.

Daga nan ya ce a tashi motar. Ya zauna a gaba kusa da direba, ya sa aka kashe rediyo da na'urar sanyi, aka sauke gilasai duka, ya cire takalminsa ya shimfiɗa tafin ƙafa a daɓen motar. Ni ina baya ina kallo. Ya sa muka bi wani layi mai doguwar katangar makaranta, ya ce a matsa kusa da ita, domin katanga tana dawo da ƙara cikin kunne. Sai ya nemi tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, ya ce a hau shi kai tsaye, tayoyin gaba biyu a tare. Ƙarar ta yi kaɗan. Ya ce a koma a hau shi a karkace, taya ɗaya ta riga ɗaya. Nan take ƙwas-ƙwas ɗin ta cika motar. Ya gyaɗa kai. Amma bai ce a koma gida ba. Ya sa aka tsaya a fili, aka yi ta murɗa sitiyari hagu da dama a hankali motar na tafiyar hawainiya, shi kuma ya leƙa kansa waje ya rufe ido. Akwai wani siririn kuka can ƙasa, ƙiii, wanda ni ban ji ba sai da ya ɗaga yatsa ya ce in saurara.

Kafin a fahimci abin da ya ji, sai an san yadda ƙafar take. Toyota ta fara ƙera Hilux a 1968, kuma a filin nan kaɗai na ga irin ƙafa uku a jere. Akwai tsohuwar ƙira mai jan taya huɗu wadda aka ci gaba da kawowa ƙasashenmu har 1997: miƙaƙƙen ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin gaba, yana zaune a kan sifirin mai falle-falle. Akwai ta tsakanin 1997 da 2005, wadda kowace taya ke da hannuwanta biyu, na sama da na ƙasa, nauyi kuma yana kan doguwar sandar ƙarfe mai murɗuwa. Sai ta 2005 zuwa yau, har da wadda ta fito a 2015, inda sifirin mai naɗi ya kewaye amortisar, wato shokazoba, su biyun suna tsaye a kan hannun ƙasa. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ta riƙe miƙaƙƙen ƙarfenta, sai dai tun 1999 aka sa mata sifirin mai naɗi a gaba. Kowace ƙira da irin kukanta, kuma wanda ya koyi aiki a kan ɗaya kawai yakan ɗora wa ɗaya laifin da ba nata ba.

A irin ta mai masaukina, wato ta 2005 zuwa yau, hannuwan nan biyu, waɗanda a nan ake kira tiriyangil, suna manne da shasi ta cikin robobi masu kauri da ake ce wa silambulok. Ta ɗaya bakin kuma suna riƙe da cibiyar taya ta hanyar rotil: ƙwallon ƙarfe ne mai wuya da ke juyawa cikin kwasfa cike da giris, kamar yadda kan ƙashin cinya ke juyawa cikin ƙugu, an rufe shi da 'yar jakar roba don kada ƙasa ta shiga. Akwai kuma wata lanƙwasasshiyar sanda da ta ratsa daga dama zuwa hagu don hana mota kwanciya a kwana, tana haɗe da ƙafa ta wasu gajerun sanduna, biyelet. Wannan sandar ba ta aiki sosai in tayoyin biyu sun hau tudu a tare, sai in ɗaya ta hau ta bar ɗaya. Dalilin hawa a karkace ke nan. Tun muna kan titi dattijon ya riga ya san mai ƙwas-ƙwas.

Da muka dawo, yara biyu suka jawo jak. Ɗaya ya nufi shasi da shi, maigidan ya daka masa tsawa: "Kai, ba nan ba! Ƙarƙashin tiriyangil, kusa da taya." Suka shimfiɗa katako a ƙasa don kada jak ya nutse, suka ɗaga har taya ta bar ƙasa da kamar faɗin yatsu uku, suka tura tsohuwar ƙafar ƙarfe ta taya ƙarƙashin shasi saboda tsaro. Ya juyo ya yi mini bayani, ganin ina ta leƙe: in aka ɗaga ta shasi taya ta yi lilo, rotil yakan karkace ya ɗaure, sai ya ɓoye wasan da ke cikinsa. In aka ɗaga ta hannun ƙasa, an sauke masa nauyi yana zaune daidai, ba shi da wurin ɓuya.

Ya durƙusa ya kama tayar da hannu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya girgiza. Tsam take. Wato sandunan sitiyari lafiya lau. Ya sauya, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya ja ya tura. Akwai ɗan motsi, kaɗan ƙwarai. Ya ce wa babban yaronsa ya shiga ya danne birki, ya sake girgizawa. Motsin yana nan. Da rulma ce ta cibiyar taya, wato boris, birki zai kame ta motsin ya ɓace. Tun da bai ɓace ba, abin yana wajen rotil. Sai ya ɗauki dogon ƙarfen cire taya ya zura ƙarƙashinta, ya sa yaro ya riƙa ɗagawa yana saki, shi kuma ya kwanta a kan kwali ya ɗora yatsu biyu a daidai inda rotil na ƙasa ya haɗu da cibiya. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya kira mai motar.

"Alhaji, zo ka sa hannunka nan."

Na sa nawa ni ma bayansa. Duk lokacin da yaron ya ɗaga ƙarfen, sai ka ji abu biyu da ya kamata su tafi tare suna rabuwa su sake haɗuwa a ƙarƙashin yatsa, tak, tak. Dattijon ya haska fitilar wayarsa. Jakar robar ta tsage ta baya, inda ido ba ya kaiwa, kuma abin da ke fitowa ta tsagar ba giris ba ne. Wani jan kwaɓi ne mai tsatsa. Ya lakato da ɗan yatsa ya murza mini a tafin hannu, na ji yashi yana kartar fata. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, ya busar da robar har ta fashe, ruwan damina ya shiga ya wanke giris, ƙurar hunturu ta bi baya ta cike gurbin. Tun daga nan duk juyin sitiyari gugar ƙarfe yake yi.

Biyelet kuwa da hannu ɗaya ya kama ta ya kaɗa, ta yi ƙwas-ƙwas ɗin da muka sani. Ita ce mai surutun da ya kawo mu, kuma ita ce mafi arha a duk ƙafar. Ko ta tsinke, mota za ta ɗan riƙa kwanciya a kwana ne, ta kai ka gida. Rotil na ƙasa shi ke ɗauke da nauyin wannan kusurwa ta motar, kuma shi da ƙyar ake jin muryarsa. Ranar da ƙwallon ya fice daga kwasfarsa, hannun ƙasa zai faɗi ya kafe a titi, taya ta kwanta ta shige cikin jikin mota, sitiyari ya zama banza a hannun direba. Duk mai bin hanyoyin nan ya taɓa ganin mota a gefen titi ta durƙusa da ƙafa ɗaya, taya a karkace. In abin ya zo a cikin gari ana tafiya a hankali, asarar kuɗi ce. In ya zo a hanyar Baleyara da yamma, da mutum goma a kan buhuna, sai dai a yi ta salati. Mai masaukina bai ce komai ba, ya tashi ya karkaɗe rigarsa, na ga fuskarsa ta canza.

Yayin da yara ke kwance ƙafar, aiki bai tsaya a sauran motocin ba, kuma na zagaya na ga wasu hanyoyin gane ciwo. Wata farar Hilux ta shigo daga doguwar tafiya, wani yaro ya zura hannu bayan kowace taya ya taɓa amortisar. Uku da ɗumi, ɗaya sanyi ƙalau: mai sanyin ta mutu, domin mai rai tana mai da jijjiga zafi ne. Aka duba tayar wajen, ta ci tabo-tabo, wani wuri ya lotsa wani ya tsaya. Wata kuma kukanta gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, kuma direban ya ce in ya karkata hagu ya fi jin sa. Nauyi a lokacin yana komawa dama, don haka rulmar dama aka buɗe. Mai ƙas-ƙas-ƙas in an murɗe sitiyari gaba ɗaya ana ja da taya huɗu, kardan ne, wato sandar da ke kai wa taya ƙarfin inji, kuma kusan kullum za ka tarar jakar robarsa ta yage ta watsa giris a cikin taya. Mai ƙugi in an hau tudu a hankali, sukan watsa wa robobin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi shiru da ta jiƙa, ita ce.

Wadda ta fi burge ni wata tsohuwa ce mai sandar murɗuwa. Mai ita ya zo a tsorace, ya ce in ya juya sitiyari har ƙarshe zai fita daga gida sai ya ji wata ƙara kamar ƙarfe zai karye, kuma an riga an gaya masa a wani wuri cewa sai an canza abubuwa da yawa. Maigidan ya leƙa, ya nuna masa wani ɗan kusa da ke tare taya kada ta wuce iyaka. Hular robar da ke kansa ta cinye, ƙarfe yana gogar ƙarfe. Ya lakaci giris ya shafa a dama da hagu, ya ce a gwada. Shiru. Mutumin ya tambayi kuɗi, aka ce ya ba yara na shayi. Haka ma farantin ƙarfen da ke kare ƙarƙashin inji, ko ƙarfen kariya na gaba, ko kusoshin taya da ba a ɗaure da kyau ba: duk suna iya yin ƙarar da za ta sa a zargi ƙafa alhali ba ruwanta.

Sayen kaya ya kai mu bakin Katako, ni da mai masaukina da babban yaron garejin riƙe da tsohon rotil a cikin leda. Wanda bai taɓa shiga Katako ba zai sha mamakin yadda ba a yar da komai. Ana narka tsohon alminiyam a zuba tukwane a cikin ƙasa, ana buɗe ganguna a ƙera akwatuna da murhu, ana yanka tsohuwar taya a fitar da takalma da igiya da guga. Ƙarar guduma ba ta yankewa. A nan ne na ga wani mutum zaune da wuƙa mai kaifi da ƙarfen huda, yana sassaƙa robobin ƙafar mota daga gefen tayar babbar mota, yana gwada su da tsohuwar da aka kawo masa. Irin wannan robar tana yi a sandar hana kwanciya ko a kunnen sifirin mai falle-falle, kuma ta fitar da mutane da yawa daga daji. Amma rotil ba a sassaƙa shi.

A shagon kayan mota aka ajiye mana iri uku a kan tebur. Ga na asali a kwalinsa, mai tsada. Ga wanda ake ce wa adaftabul, sabo ne amma na wani kamfani, kuma a cikinsa akwai mai kyau akwai na banza. Ga kuma na kas, wanda aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai ko wadda ta yi hatsari. Yaron ya ɗauki kowane ya murɗa wuyansa da hannu: mai kyau yana da tauri, yana juyawa sumul ba tare da sassauci ba. Ya duba laushin robar, ya duba zaren kusa, ya auna nauyi a tafin hannu. Kwali kaɗai ba shaida ba ne, a nan ko a Kano ko a Kwatano, domin masu jabu sun iya buga kwali.

Tsadar kuwa tana da tarihi. Nijar ba ta da teku, kuma shekara da shekaru yawancin motoci da kayansu ta tashar Kwatano suke shigowa, su hau arewa har gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba, wannan gada ta rufu. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe, kaya suka koma bi ta Lome su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuma duk wannan a kan farashin ɗan ƙarfen da ke kan tebur yake sauka. A irin wannan hali, makanikin da zai ce maka abu kaza ne ya lalace, shi kaɗai, ya fi wanda zai ce a canza ƙafa gaba ɗaya amfani nesa ba kusa ba.

A nan ne abin ke damuna, kuma ba a Yamai kaɗai ba. Mun saba biyan makaniki gwargwadon abin da ya kwance ya ɗaura. In ya cire ƙarfe huɗu ya sa sababbi, mu biya ba gardama. In ya yi rabin sa'a yana tambaya, ya bi mu titi, ya kwanta a ƙasa ya gano cewa giris na dala biyar ne maganin abin, sai mu ce ai bai yi komai ba. Alhali wannan rabin sa'ar ita ce aikin. Kwance kusa yaro ɗan shekara goma sha biyu ma yana yi. Sanin wane kusa za a kwance shi ne abin da dattijon nan ya kwashe rayuwarsa yana tarawa. Muddin ba a biyan kuɗin dubawa, muna tura masu sana'ar ne da hannunmu zuwa ga canje-canjen da ba dole ba, kuma yaran da ke tasowa a ƙarƙashinsu za su ga cewa saurare ba ya kawo abinci. Da maigidan nan irin masu gaggawa ne, da ya canza biyelet, ƙara ta ɗauke, kowa ya yi murna, mu kama hanyar Baleyara da rotil ɗin da ya rage kaɗan ya fice.

Direbobi ma suna da nasu. Da yawa in roba ta fara ƙugi sai su tsiyaya mata baƙin mai ko gas don ta yi shiru, man kuwa cin roba yake yi, ya kumbura ta ya ruɓar. Wasu su ƙara wa baya fallen sifirin don su ɗora abin da ya wuce kimanin tan ɗaya da aka ƙera motar ta ɗauka, su manta cewa in an taka birki nauyin nan gaba yake zubowa. Wasu kuma su ƙara muryar rediyo. Talauci ne ke sa wani abin, na sani, kuma ba na raina wanda ke lissafin kuɗin gyara da kuɗin cefane a aljihu ɗaya. Amma leƙa jakar robar rotil bayan kowace damina ba ya cin ko dala.

Mai masaukina ya sayi rotil biyu masu kyau, domin maigidan ya ce na hagu ma shekarunsu ɗaya kuma hanya ɗaya suka bi, ya haɗa da biyelet adaftabul. A wannan ƙirar matse rotil ake yi cikin hannun ƙasa, don haka aka ɗora hannuwan a kan babur aka kai wajen mai injin matsi, maimakon a yi ta dukansu da guduma har ramin ya buɗe. Aka yi azahar, aka ci dambun zogale da wata mata ke kawowa a roba, aka sha shayi na biyu kafin su dawo.

Wajen ɗaurawa na ga abu na ƙarshe da ban sani ba. Yara sun mayar da hannuwan, suka sa manyan kusoshin silambulok amma ba su ƙulle su ba. Sai da aka sa taya, aka sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, aka danna gabanta sau biyu ta zauna daidai, sannan babban yaron ya shiga ƙarƙashi da doguwar sifana ya ɗaure su tam. In aka ƙulle su mota na rataye, robar za ta zauna a murɗe da zarar an sauke, ta yage cikin 'yan watanni, mai mota ya ce an sayar masa da jabu. Maigidan ya bi kowane kusan rotil da kansa, ya tabbatar an zura 'yar wayar da ke hana shi warwarewa, ya lanƙwasa bakinta.

Aka sake fita layin makarantar, aka hau tudun a karkace, aka murɗa sitiyari a fili. Babu ƙwas-ƙwas, babu siririn kukan. Da aka zo lissafi, maigidan ya faɗi kuɗin cire hannu biyu da mayarwa, da kuɗin mai matsi, da na babur. Bai sa tafiyar safe a ciki ba, bai sa kwanciyarsa a kan kwali ba. Mai masaukina ya ƙirga abin da aka ce, ya ƙara wasu jikkuna a kai ya ce wannan na dubawa ne. Dattijon ya yi godiya, ya miƙa wa babban yaron wani abu daga ciki.

"Alhaji, kada ka ɗora mata ko buhu ɗaya sai ka je an yi mata paralelisim, an daidaita tayoyin, tun da mun taɓa kusoshin saiti. In ba haka ba kafin wata biyu ta cinye maka tayoyin gaba ta ciki. In ka dawo daga Baleyara kuma ka biyo in sake bin kusoshin."

"In sha Allahu, Baba. Litinin da safe."

Muka bar shi yana tambayar direban wata Land Cruiser da ta shigo daga hanyar Tawa, ko rawar da sitiyarinsa ke yi tana farawa ne da kanta, ko sai taya ta bugi rami.